Ƙungiyarku Na Iya Samun Lauya Kyauta

Jama'a da yawa sun ɗauka kotu sai mai kuɗi. Shi ya sa idan aka tsare ɗan unguwa mako biyu a ofishin 'yan sanda, sai ƙungiyar gari ta yi karo-karon kuɗin beli, daga nan a ce an bar wa Allah. Alhali beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu tsakanin kilomita 40.

To, ku sani akwai masu tsaya wa talaka ba tare da karɓar ko kwabo ba. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, aikinta ke nan. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam kuwa an kafa ta a 1995 don karɓar koke-koke. Ga kuma FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, mai bin kadin mata da yara.

A da, alƙali kan kori ƙara da hujjar cewa mai ƙarar ba shi aka zalunta ba. Ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalan Najeriya ya fitar a 2009 sun toshe wannan kafa. Yanzu ƙungiya na da damar shigar da ƙara a madadin wanda aka tauye wa haƙƙi, ko da shi yana tsare.

Mai shakka ya dubi Nijar. An sayar da Hadijatou Mani baiwa a 1996, tana 'yar shekara 12. A 2005 ubangijinta ya ba ta takardar 'yanci, amma ya hana ta tafiya, wai ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure. Ina baiwar Allah za ta samu kuɗin lauya? Ƙungiyar Timidria ce, tare da wasu ƙungiyoyin Ingila, suka tsaya mata har gaban kotun ECOWAS. A watan Oktoba na 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Sai dai fa lauya ba ya aiki da "an ce". Ya ku shugabannin ƙungiyoyi, ku tanadi littafi guda. Duk abin da ya faru a rubuta ranarsa da wurinsa da sunayen shaidu, a adana takardar asibiti idan an ji wa mutum rauni. Ku nemi yardar mai abin ko iyalinsa kafin ku kai maganarsa ko'ina. Idan kun je wajen lauyan, ku tambaye shi tun farko wa zai biya kuɗin mota da na shigar da takardu, don kada shari'a ta tsaya a tsakiya.