Darasin Tsuntsaye: Zango a Hamadar Ostiraliya

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani darasi da na shirya domin 'yan aji shida, wanda ya haɗa labarin ƙasa da nazarin halitta. Wanda ya ga zai amfane shi a makarantar da aka tura shi gwaji, sai ya ɗauka.

A tsakiyar Ostiraliya akwai wata babbar hanyar mota da ta tashi daga Port Augusta a kudu, ta ratsa Alice Springs, ta dire a Darwin a arewa. Tsawonta wajen mil 1,700 ne. Sunan John McDouall Stuart aka sa mata, Baturen da ya ƙetare ƙasar daga kudu har ya isa tekun arewa a 1862. Sai a 1987 aka gama zuba mata kwalta. Ƙasar ja ce, busasshiya. Ruwan da a ke samu a Alice Springs a shekara, in an daidaita, wajen inci 11 ne kawai. Saboda nisan da ke tsakanin gari da gari, an yi wa matafiya zanguna a gefen hanya. Ba wani abu ba ne, rumfa ce da tebur, wani wurin kuma har da tankin ruwa.

To, tankin nan shi ne kan darasinmu. In famfonsa na ɗiga, ko wani matafiyi ya wanke hannu ruwa ya kwanta a ƙasa, tsuntsayen jejin nan sun sami mashaya. Mai son kallonsu ba ya bukatar ya shiga daji yana yawo. Ya sami inuwa da sassafe, ya zauna shiru, ya bar rana a bayansa don kada ta kashe masa ido. Su da kansu za su zo.

Wanda a ka fi gani wani ɗan tsuntsu ne dangin asisinmu, tsawonsa inci 4, bakinsa ja. Turawa sun sa masa sunan jakin dawa saboda zanen fari da baƙi da ke jikinsa. Garke-garke su ke zuwa. Kun lura yadda kaza ke shan ruwa, ta kurɓa ta ɗaga kai sama? Shi ba haka ya ke yi ba. Tsoma baki ya ke yi ya zuƙa, kamar tantabara, ya gama maza ya tashi, gama bakin ruwa wurin farautar shaho ne.

A nan sai malam ya tsaya ya tambayi yara: don me wannan tsuntsu ba ya nisa da ruwa? Kada ka gaya musu amsa da wuri. Abincinsa 'ya'yan ciyawa ne busassu, ba laima a ciki, dole ya nemi ruwa kusan kullum. Mai cin ƙwari kuwa yana samun laima daga abincinsa, yana iya daɗewa bai sha ba. Mutanen asali na ƙasar sun san wannan tun kafin Turawa su zo. In suka ga garken tsuntsayen nan, sun san ruwa na kusa. A ƙasar da zafi kan wuce digiri 104 a ma'aunin Farenhait cikin watan Janairu, wannan sani yana iya zama tsakanin rai da mutuwa. Kurciyar Nuhu busasshiyar ƙasa ta nemo masa, waɗannan kuwa ruwa su ke nuna wa mutum.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar tsirya, kore da rawaya, wadda John Gould ya kai Ingila a 1840, yanzu kuwa ana kiwonta cikin keji ko'ina a duniya. A jeji ba ta da mazauni. Inda aka yi ruwa ciyawa ta yi 'ya'ya, can ta ke nufa ta yi ƙwai. Don haka zangon da ya cika da dubbansu bana, baɗi sai ka tarar ba ko ɗaya.

A kan kwalta kuma ana ganin wata babbar gaggafa, faɗin fikafikanta ya fi ƙafa 6, tana cin mushen kangaru da mota ta buge da dare. In ta ƙoshi ba ta iya tashi da sauri, sau da yawa ita ma mota ta kan kashe ta. Shirwa ma tana can, 'yar'uwar tamu, tana taruwa wurin ƙunar daji kamar yadda mu ke gani da kaka.

A ganina ba daidai ba ne malam ya rubuta sunayen nan a allo, yara su haddace, a tashi. Da rani, ka sa kasko da ruwa a gindin itace bayan aji, kusa da ƙaya inda tsuntsu zai fake. A riƙa cika shi kowace safiya. Yara biyu su zauna nesa kaɗan minti goma kafin a buga ƙararrawa, su rubuta wane tsuntsu ya zo, guda nawa, yadda ya sha, da wajen da ya nufa da ya tashi. In ba su san sunansa ba, su zana siffar bakinsa, su kai wa tsofaffi a gida su tambaya.