Yadda Ake Hana Ƙiba Dawowa Bayan An Rage Ta

Mutane da yawa suna iya rage ƙiba, amma kaɗan ne ke iya hana ta dawowa. Galibi ba ragwanci ne ke jawo haka ba, jikin ne da kansa yake tirjiya. Da zarar kitse ya ragu, sinadarin leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi sai ya yi ƙasa, ghrelin mai tayar da yunwa kuma ya hau. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka sun bibiyi mutum 14 da suka taɓa shiga gasar rage ƙiba ta talabijin mai suna The Biggest Loser. Bayan shekara shida, abin da jikinsu ke ƙonawa a rana ya gaza abin da ya dace da girmansu da kusan kalori 500. Wanda ya rage ƙiba ba zai ci irin cin wanda bai taɓa yin ta ba ya zauna lafiya.

Matakin farko, ka mallaki sikeli. Ka hau sau ɗaya a mako, da safe, bayan ka zaga, kafin karin kumallo, ka rubuta abin da ya nuna. Sannan ka kafa wa kanka iyaka: idan kilo biyu ya ƙaru, a makon nan za ka gyara, ba sai ya kai goma ba. Rajistar National Weight Control Registry da aka kafa a Amurka a 1994 tana bin waɗanda suka rage aƙalla kilo 13 suka riƙe shekara guda ko fiye, kuma kusan kashi 75 cikin 100 nasu suna auna kansu duk mako. Mu wannan ya fi kama mu, domin babbar riga da abaya ba sa tona asirin tumbi, wando mai mazagi kuwa kullum yana da wurin sassautawa. In babu sikeli, tef ɗin tela ya isa, a auna ƙugu daidai cibiya.

Na biyu, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako, amma akasarin mutanen waccan rajista kusan awa guda suke yi kullum, kuma tafiya da ƙafa ce ta fi yawa. Bayan sallar asuba ne ya fi sauƙi, kafin rana ta ɗaga. A haɗa da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako.

Na uku shi ne mai wuyar, wato kwano. Tsarin cin da ba za ka iya jurewa shekara biyar ba, kada ma ka fara shi. Ba sai ka rabu da tuwo ba. Malmala ɗaya a maimakon biyu, miya mai ganye da yawa, sai wake ko ƙwai ko kifi, saboda su ne ke riƙe ciki. Kwaɗon zogale ma yana cika ciki, in dai ba a yi masa ambaliyar ƙuli da mai ba. Mai ne ke shammatar mutane: babban cokali ɗaya na man gyada ko manja kusan kalori 120 ne, a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Sai abin sha. Kwalbar Coca-Cola ta 50cl tana ɗauke da sukari sama da giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada babba ya wuce kusan giram 25 a rana. Zoɓo da kunun aya na gida ne, gaskiya, amma sukarin da ke ciki bai san na gida ba ne.

Na huɗu, ka shirya wa mutane da lokuta. Za a ce maka, "Kai, ka rame, lafiya kuwa?" A gidan biki za a yi ta cika maka faranti. Ka ɗan taɓa abinci kafin ka fita, in an matsa ka ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi, a ƙulle mini na kai wa yara." Da azumi, dabino da ruwa tukuna, a yi magariba, sannan a zauna cin abinci. Ƙosai da soyayyen dankali kowane buɗa-baki har kwana talatin suna iya rushe aikin wata shida.

Barci kada ya gaza awa bakwai, don ƙarancinsa yana ƙara yunwa.

Masu amfani da allurar rage ƙiba ta semaglutide su sani, a wani gwaji da aka wallafa a 2022, waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage cikin shekara guda, don haka a tsara dainawar tare da likita. Shayin rage ƙiba na kasuwa kuwa, da yawansa zawo kawai yake sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini da nauyinsa ya sauka ya koma asibiti a sake duba adadin maganinsa, domin wanda ya dace da shi a da yana iya yi masa yawa yanzu.