Ma'anar Kalmar "Diyus" A Wasan Ƙwallon Tebur

Ƙwallon tebur yana cikin wasannin da samari suka fi so a biranen Nijeriya. A Ibadan, ko a unguwar Sabo ko a Kasuwar Shasha, inda Hausawa da Yarabawa suke cuɗanya, akan ji 'yan wasa suna cewa "diyus". Amma ba kowa ya san ƙa'idarta ba, rashin sanin nan kuwa shi ke jawo gardama.

Asalin kalmar Faransanci ne, daga kalmar da ke nufin "biyu". Ana faɗinta idan an yi kunnen doki gab da ƙarshen wasa. Daga nan ba mai ci sai wanda ya ba abokin karawarsa ratar maki 2.

A da ana tashi wasa a maki 21, diyus kuwa 20 da 20 ne. A shekarar 2001 Hukumar Ƙwallon Tebur ta Duniya ta mai da wasa maki 11, saboda haka diyus ya koma 10 da 10. Ashe ke nan 11 da 10 ba ci ba ne. Sai 12 da 10, ko 13 da 11. Kafin diyus kowa yana bugun farko sau 2 a jere, amma bayansa sau ɗaya-ɗaya ake karɓa.

Ana jawo hankalin shugabannin samari da su tabbata an daidaita a kan lissafi tun kafin a ɗauki ƙwallo, don kada wasa ya zama faɗa tsakanin maƙwabta. Rigakafi ya fi magani.