Hurumi Amana Ne A Wuyan Ƙaramar Hukuma

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan hurumi, da hukuncinsa a shari'ar Musulunci, da wanda nauyin tsaronsa ya rataya a wuyansa yau a ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu cikin Jihar Zamfara. Dalilin kawo shi kuwa shi ne maganar sauyin yanayi da ta yawaita a bakin mahukunta, har waɗansu suna tsammani wani sabon aiki ne da aka shigo da shi daga ƙasashen Turai, alhali gindinsa yana nan cikin littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure.

Masana sun tabbatar cewa a shekarun 2011 zuwa 2020 zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a kan yadda yake tsakanin 1850 da 1900, sabili da hayaƙin kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa, ko da yake rabon Afirka duka cikin wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Dattawan ƙasar nan ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, ko na 1983 da 1984. Amma abin da ya fi bayyana a shekarun baya-bayan nan shi ne ruwa mai sauka da ƙarfi a lokaci guda. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Watau ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin makwanni sai ya zubo a dare ɗaya, sa'an nan a yi kwanaki shuka tana yaushi.

Mai tambaya zai ce, to, me ƙaramar hukumar Tsafe za ta iya yi game da hayaƙin Amurka da Sin? Gaskiya babu. Sai dai ɓarnar ruwan sama ba daga sama kaɗai take zuwa ba, har da irin ƙasar da ya sauka a kai. In ya sami itatuwa da ciyawa sai ya tsaya ya nutse, rijiyoyi su ƙoshi. In kuwa ya sami fako tsirara sai ya kwashe ƙasar noma, ya yanka kwazazzabo, ya auka rafi gaba ɗaya. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta Bunguɗu kafin ya isa madatsar Bakalori, saboda haka abin da aka sare a sama, na ƙasa ne yake biya. Mutanen Gusau sun ga ƙarfin wannan gulbi ranar 30 ga Satumba 2006, sa'ad da madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan mamakon ruwa, gidaje masu yawa suka rushe, aka yi asarar rayuka. Aya ta 41 cikin Suratur Rum ta danganta lalacewar tudu da ruwa ga aikin hannun mutane, ta kuma nuna ana ɗanɗana musu sakamakon ne domin su komo kan hanya.

Manyan hukumomi sun yi nasu shiri. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa a 2007, Zamfara kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. A 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa, a shekarar ce kuma Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk wannan madalla. Amma ba Abuja ce take sanin an nome burtali a wani ƙauye na Wanke ko na Kwatarkwashi ba. Wanda ya sani shi ne mai unguwa da dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma.

Doka ma ta yarda da haka. Jadawali na 4 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara, da lura da lambunan shaƙatawa da filayen jama'a da maƙabartu da mayanka, da sa hannu wajen bunƙasa noma da albarkatun ƙasa in ban da ma'adinai. Dokar filaye ta 1978 kuma ta bar filayen birni a hannun gwamna, amma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da ƙasar karkara, har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da neman yardar gwamna ba. Wannan ba ƙaramin iko ba ne, kuma a nan ne shari'a take da magana.

Kalmar hurumi daga Larabci take, watau harim. Malaman Malikiyya sun yi bayaninsa a babin raya mataccen fili, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Shehu Halilu, haka kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya keɓe wa wannan babi littafi mai suna Ta'alimur Radi. Taƙaitaccen hukuncin shi ne, duk abin da aka raya yana da wani fili kewaye da shi wanda amfaninsa ba ya cika sai da shi, ba kuwa mai ikon mallake wannan fili shi kaɗai. Hurumin rijiya shi ne gwargwadon abin da masu ɗiba da masu shayarwa ba za su matsu ba, ruwanta kuma ba zai cutu ba. Hurumin itace shi ne gwargwadon abin da yake bukata ya rayu. Hurumin gari kuwa, wanda ya fi shafar wannan darasi, ya haɗa da dajin da mutanensa suke samo itacen wuta da makiyayar dabbobinsu, iyakar inda za a tafi da safe a komo kafin dare. Wannan fili haƙƙin mutanen garin ne gaba ɗaya, mai kuɗi da matalauci, na yau da wanda ba a haifa ba tukuna. Ga kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya sa Musulmi tarayya cikin ruwa da ciyawar kiwo da wuta.

Malaman sun ƙara da cewa wanda yake so ya raya fili kusa da gari ba shi da iko sai da izinin shugaba, shugaba kuwa ba ya ba da izini sai ya duba ko abin zai cuci jama'a. Ashe ke nan alƙalamin da shugaban ƙaramar hukuma yake sa hannu da shi a takardar gona, kujerar da fiƙihu ya kira ta imami yake zaune a kai a wannan mas'ala, ko ya sani ko bai sani ba. Izininsa ba kyauta ba ce da zai saka wa magoya bayansa da ita. In ya yanka hurumin gari ya ba mutum ɗaya, ya ba da abin da ba nasa ba.

Akwai kuma abin da ake kira hima, watau fili da shugaba yake keɓewa da gangan domin maslahar jama'a. Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyadina Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe Sharaf da Rabaza. Labarin da ya fi dacewa mahukunta su riƙe shi ne wanda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, Buhari ma ya kawo shi. Sayyadina Umaru ya naɗa wani baransa mai suna Hunayyu a kan hima, ya umurce shi ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya hana garkunan Abdurrahmanu ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Hujjarsa ita ce waɗannan biyu in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa in nasa sun halaka sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar halifa, ba da ciyawa da ruwa kuma ya fi sauƙi ga baitulmali bisa ba da zinariya da azurfa. Mai karatu ya lura, mutanen nan biyu da aka hana suna cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Darajarsu ba ta buɗe musu ƙofar hima ba.

In aka auna wannan da abin da ya faru a ƙasar Zamfara sai a ga an juya al'amarin. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, tun zamanin En'e kuma akwai gandun daji da malamin daji mai tsaronsa. Da mutane suka ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya da labi, manyan mutane suka sami manyan yankuna cikin dazuzzukan da aka keɓe, mai ɗan garke ya rasa inda zai bi. Masu binciken rikicin jihar sun sha lissafa wannan cikin musabbaban da suka hura wutar gaba tsakanin manoma da makiyaya. Ba uzuri ba ne ga ɗan bindiga, domin zubar da jini da satar mutane ba su da uzuri a shari'a. Amma wutar ta komo ta ci dajin kansa. Mutanen ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau da tsoro ya kora zuwa gari suna bukatar itacen girki, dajin nesa ba ya shiguwa, sai gatari ya faɗa wa na kusa.

Ƙoƙarin da aka fi gani daga ƙananan hukumomi shi ne rabon dashe da damina da gangamin tsabtace gari. Dashe aikin lada ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Amma dashen da aka yi gaban masu ɗaukar hoto, ba shinge, ba mai ban ruwa, akuya ce take cin ladansa kafin kaka. Tsare babban itace ɗaya ya fi sauƙi bisa raya ɗari ƙanana. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai sare magarya, ya kuma fassara ta da wadda matafiya da dabbobi suke fakewa a inuwarta, aka sare ta ba bisa haƙƙi ba.

Maƙwabta na Jihar Maraɗi a Nijar sun nuna hanya mai araha. Tun daga 1983 manoma can suka kama abin da suke kira sassaben zamani, watau maimakon a ƙone kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi tofo mai ƙarfi a bar shi, a datse sauran. Saiwar tana nan da rai cikin ƙasa, ba ta bukatar ban ruwa. Da haka aka raya kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Gawo ya fi kowane itace karɓuwa, da yake yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Abin lura shi ne aikin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara ba in ya datse reshensa. Wannan ya yi daidai da fiƙihu, inda dasa itace yake cikin abubuwan da ake raya fili da su har a mallake shi. Majalisar ƙaramar hukuma tana da ikon yin dokokinta na cikin gida, tana iya tabbatar wa manomi wannan haƙƙi ba tare da jiran bashin wata ƙasa ba.

Game da magudanun ruwa maganar gajeruwa ce. Wanda ya toshe kwata da shara da leda, ko ya yi gini a hanyar ruwa, ya shiga ƙarƙashin hanin cutarwa da Imamu Malik ya ruwaito, kuma malamai sun ce ana kawar da cuta ko da mai ita bai so ba. A littattafan hisba na dā, duba hanyoyi da kwatami da juji aikin muhtasibi ne kamar duba mudu da ma'auni. Jihar da ta riga sauran jihohi ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 bai kamata ta bar wannan babi a rufe ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya sa gyaran hanyoyi da kasuwanni da tallafa wa manoma cikin wajiban shugaba.

Uzurin da shugabannin ƙananan hukumomi suka daɗe suna kawowa shi ne kuɗinsu yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Uzuri ne mai ƙamshin gaskiya. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake zartar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Amma mafi yawan aikin hurumi ba kuɗi yake ci ba. A tara hakimai da dagatai da arɗon Fulani da sarkin noma da liman, a bi iyakar kowane burtali da mashaya da dajin gari tun dattawan da suka san ta suna da rai, a kafa alama, a rubuta, a ajiye kwafi ɗaya a sakatariya, ɗaya a fadar sarki, ɗaya a kotun shari'a. Inda aka tarar an riga an nome, alƙali ya duba, domin malaman Malikiyya sun ce daɗewar riƙo ba ta mallaka wa mutum hanyar jama'a.

Allah Shi ne Masani.