Amsar Tambaya: Wane Injin Huɗa Zan Saya?

Tambaya: Ina noman rani a bakin tafkin Madarunfa, ina son sayen ƙaramin injin huɗa. Yaya zan gane nagari?

Amsa: Malam, Allah ya ba da sa'a. Fara da duba ƙasarka. Lakar fadamar tafki da ta Gulbin Maradi tana da nauyi, injin gazuwal ne ke jure mata. Mai esans ya fi dacewa da jigawa.

Kafin ciniki, zagaya wajen masu kayan gyara a Maradi. Samfurin da ba a samun bel da matatarsa, kada ka saya, don ranar da ya tsaya tumatirinka ba zai jira ka ba.

In kwance ne, je da makanikenka da sassafe, a tayar da shi da sanyinsa. Shuɗin hayaƙi alama ce yana ƙona baƙin mai. Leƙa ƙarƙashinsa ko yana yoyo, sannan a gwada shi cikin gona. Araha ba ta ado.

Ƙurar hunturu na cinye inji, saboda haka riƙa wanke matatar iska. Idan gonarka ƙarama ce, ku haɗa kuɗi da maƙwabtanka ku saya tare.