Yadda A Ke Gwada Madubin Hangen Nesa Kafin A Saya

Bara, sa'ad da aka tura mu koyon aikin malanta a wata firamare a Jiwa, a kan hanyar nan da ta taso daga Karmo ta bi ta Gwagwa ta ɓulle Dei-Dei, na ga ya kamata yaran ajina su san tsuntsayen garinsu da ido, ba a littafi kaɗai ba. Muka yi karo-karo da malamai biyu, aka danƙa mini kuɗin, na tafi na sayo madubin hangen nesa, irin mai ido biyu. Na zaɓi wanda aka rubuta wa 20x50, gilashinsa ja wur kamar garwashi, ina ta murna na yi tsintuwa. Ran da muka fita bayan gari, balbela ta koma tsanwa, hankaka ɗaya ya zama biyu, yara uku suka komo aji da ciwon kai. Kuɗin mutane ya salwanta a hannuna. To, tun da ya ke da yawa cikinku za su fita koyarwa bana, ga abin da na koya daga baya.

Mu fara da lambar da ta ruɗe ni. In an rubuta 8x40, watau madubin yana jawo abu kusa sau 8, gilashin gaba kuwa faɗinsa milimita 40 ne. Ku raba 40 da 8, ku sami 5. Wannan 5 ɗin shi ne faɗin hasken da ke fitowa ya shiga idonku. Ramin nan baƙi na tsakiyar ido yakan tsuke ya koma milimita 2 ko 3 da rana, da duhu kuwa ya buɗe har wajen 7 ga saurayi, ga dattijo bai cika wuce 5 ba. Nawa da na saya, 50 a raba da 20, biyu da rabi ke nan. Da tsakar rana ba laifi, amma da almuru, lokacin da tsuntsaye ke komawa sheƙa, sai duhu. Ban da wannan kuma, duk abin da madubi ya ƙara wa girma sau 20, ya ƙara wa rawar hannunku sau 20. In ya wuce sau 10, sai an kafa shi bisa wani abu.

Ana iya ganin hasken nan da ido. Ku miƙa hannu da madubin, ku fuskantar da shi sama, ku dubi ƙaramin gilashin da a ke sa wa ido. Za ku ga ɗigon haske. In ya fito zagayayye sarai, madalla. In gefunansa sun dushe ya yi kamar mai kusurwa huɗu, gilashin ciki na arha ne.

Sai maganar launin da ke bisa gilashi. Ko wace fuska ta gilashi tsirara takan mai da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Cikin madubi ɗaya kuwa akwai fuskoki goma ko fiye. Wanda ya iya lissafi ya gwada, zai ga sulusin hasken ya ɓace kafin ya kai ido. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, a kamfanin Zeiss na Jamus, ya fito da dabarar shafa wa gilashi wani abu siriri ƙwarai don rage wannan hasara. Shafi na kirki ba ya ɗaukar ido. Ku leƙa gilashin gaba, in kun ga ɗan shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu, fuskarku kuma da ƙyar ta ke fitowa, to, hasken wucewa ya ke yi. In kun ga fuskarku tangaran kamar a madubin wanzami, hasken da kuka biya ne ya ke komowa waje. Jan nan da ya burge ni kuwa, jan haske ya ke korewa, shi ya sa balbela ta yi tsanwa.

Gwaji na gaba, hankaka ya fi kowa iya yi muku shi, don Allah ya haɗa masa fari da baƙi wuri guda. Gilashi yakan raba farin haske ya zama launukan bakan gizo, don haka madubi maras kyau yakan yi wa gefen abu kwalliya da shunayya ko rawaya. Tun 1758 John Dollond na Ingila ya sami iznin mallakar dabarar haɗa gilashi iri biyu don su gyara wa juna wannan aibi, amma har yau ba ko wane maƙeri ke kyautata haɗin ba. Ku dubi inda farin ƙirjin hankaka ya gamu da baƙin fiffikensa. In babu hankaka, bakin rufin kwano ya isa. Sa'an nan ku nemi rubutun wani allo daga nesa, ku sa shi a tsakiya, ku gusa da shi gefe. Ko wane madubi yakan ɗan dushe a gefe, amma in rubutun ya narke tun bai yi nisa da tsakiya ba, ku ajiye.

Ciwon kan yaran nan fa? Bututu biyun ne ba su kallon wuri ɗaya, watakila madubin ya taɓa faɗuwa, sai idanu su yi ta kokawar haɗa hoto biyu. Ku saita wayar lantarki, ku janye madubin daga fuska kamar taƙi guda kuna kallo. In wayar ta karye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko kyauta aka ba ku kada ku sa wa yara. Wannan aibi ba ya gyaruwa a gida.

In na hannu ne, ku haska tocila ta baya ku leƙa ta gaba. Abin da ya yi kama da saƙar gizo a ciki fumfuna ce, damunar Abuja ke kawo ta, tana kuwa cin shafin. Kada kuma ku yarda da ganin da kuka yi ranar hazo, don ƙura takan sa mai kyau da maras kyau su zama ɗaya.

Wani abokina ya tambaye ni ko haka a ke gwada irin wanda masu wasan harbi ke ɗora wa bindiga. Haka ne, ban da gwajin bututu biyu, sai dai a ƙara abu biyu. Lalle hoton ya cika alhali ido yana nesa da gilashi kamar inci 3 ko 4, don in bindiga ta yi baya kada ta fasa gira. Sa'an nan a kafa shi kada ya motsa, a ɗora gicciyen zaren ciki bisa abin da za a harba, a ɗan kaɗa kai. In gicciyen ya yi yawo a kan abin, saitin bai dace da wannan nisa ba, harsashi zai kauce. Ita bindigar kanta, dokar 1959 ta hana riƙe ta sai da lasisi.

Ku malamai, 8x40 ko 7x35 ya ishe ku aikin aji. Ku je saye da la'asar sakaliya, ku roƙi mai kaya ya bar ku ku fito da shi waje. In kun kawo shi makaranta, ku hure ƙurar kafin ku goge, kada kuma a goge da bakin riga.