Darasi: Argungu, Garin da Ruwa Ya Jawo wa Baƙi

A duniya akwai garuruwan da abincinsu baƙi ne. Yawancinsu a bakin teku suke. Akwai wani a Ingila, ana ce da shi Blackpool. Da can ɗan ƙauye ne. Da jirgin ƙasa ya isa can a 1846, sai ma'aikatan masaƙu suka riƙa zuwa hutu, su sha iska, su yi wanka a teku. A 1894 aka buɗe wata doguwar hasumiya ta ƙarfe don 'yan kallo. Yau ƙauyen nan ya zama babban gari.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da gulbi. Gulbin Rima ya bi ta Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah. Sun haɗu kusa da birnin Sakkwato, suka gangara tare har Argungu. Watau ruwan da ke wuce gonakinmu shi ne Kabawa ke su a cikinsa.

Argungu garin Kabawa ne, jikokin mutanen Kanta, wanda ya gina birnin Surame. A 1805 mutanen Shehu suka ci Birnin Kabi. Daga baya sarakunan Kabi suka zauna Argungu. Shekara da shekaru ana gaba tsakaninsu da Sakkwato. Mutum ba ya iya tafiya daga nan zuwa can da kwanciyar rai.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi ya so ya girmama babban baƙonsa, sai ya tara masunta, aka yi gagarumin su a gabansa. Daga nan bikin ya samo asali. Kun ga, zumunci ne ya haife shi.

Ga yadda ake yi. Akwai wani wuri a gulbin, sunansa Matan Fada. Ana hana su a wurin har ranar biki, don kifi ya yi yawa, ya girma. Sarkin Ruwa ke lura da wannan doka. Ran biki dubban masunta su jeru a bakin gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa. Da an harba bindiga sai su ruga cikin ruwa, makaɗa na bin su cikin jirage. Bayan kamar awa ɗaya a fito, a auna kifi. Wanda ya kama mafi nauyi shi ya ci. A 2020 kifin da ya ci ya kai kilo 78, nauyin ƙaton namiji ke nan.

Ba su kaɗai ake yi ba. Akwai tseren jirage, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kokawa, da dambe, da nunin amfanin gona. Baƙo kuma ya kan shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarki, ya ga makaman Kabawa na da. Mai abinci, da mai masauki, da mai mota, da mai tabarma, kowa ya samu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Amma fa baƙo ba ya zuwa inda babu ruwa ko babu lafiya. Bayan bikin 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020. Duk masu cin abinci da shi sun ji a jikinsu.

To, jama'a, mu ne a sama, su ne a ƙasa. In mun zuba magimfa ko maganin ƙwari a gulbi don kama kifi, mun kashe manya da ƙanana. In mun sa taru mai ƙananan idanu, mun kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Kifin da aka kashe yana ƙarami a Rabah ba zai zama giwan ruwa ba, ko nan ko Argungu. Mu kiyaye gulbinmu.

Tambayoyi
1. Me ya mai da Blackpool babban gari?
2. Wane Sarkin Musulmi ya ziyarci Argungu a 1934?
3. Don me ake hana su a Matan Fada kafin biki?
4. Faɗi abu biyu da ke ɓata kifin gulbi.